Naman Kazan da Aka Sa wa Ɗan Doka

Ranar wata Talata ce a tsakiyar watan Agusta, shekara biyar kafin samun mulkin kai, da misalin ƙarfe bakwai na safe. Wurin kuwa gindin wani suri ne a cikin kurmi, bayan gonakin ƙauyenmu a yankin Adogi. Waɗanda ke wurin su ne ni, goye da 'yata Ladi mai wata biyar. Da surukata Iya Asabe. Da babban ɗanta Malam Bitrus, wan mijina, malamin gona a Lafiya. Da wani ɗan doka mai jar hula da ban taɓa sanin sunansa ba. Sai kuma Baturen gona, kwance rub da ciki a kan tamfol. A gabansa naman kaza ya rufe ƙasa fari fat, wanda zai cika kwanduna. An kewaye shi da igiya, an hana mu taɓa ko ɗaya.

Markar bana ce ta tono mini wannan safiya. Mun yi kwanaki a Azuba, inda nake zaune yanzu, ba mu ga rana ba, ina cikin bargo, rufin kwano a kaina, ruwan shayi yana tafasa a kan gas. Sai jikata da ke karatu a jami'a ta durƙusa a jikin katanga, ta kai wayarta dab da wani ɗan naman kaza da ya tsiro, ta ce, "Kaka, zo ki ga kyau!" Na daka mata tsawar da ta sa ta kusa yar da wayar. Ba ta yi laifin komai ba. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, inda aka koya mini kada fushina ya fito a murya. A kan wannan magana kaɗai horon bai kama ba.

Daminar waccan shekara da yaudara ta fara. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, masara ta kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Fari ya ƙone ta a tsaye. Da ruwa ya dawo aka sake shuka, irin kuwa daga abin da za mu ci aka ɗebo shi. Kafin watan Yuli ya ƙare, in mijina Ayuba ya shiga rumbu, ƙarar tsintsiya kawai muke ji. Doya tana cikin ƙasa, amma ba ta ƙosa ba. Wanda ya tone ta a lokacin, ya cinye abincin shekara da irin baɗi a cikin mako guda.

Daga nan marka ta zauna. Yayyafi ne siriri, ba tsawa ba iska, ya wuni ya kwana. Sanyinsa jiƙaƙƙe ne, yana shiga ta tafin ƙafa ya zauna a gwiwa. Tabarma ta yi fumfuna, zane ba ya bushewa, bangon ɗaki yana gumi. Da asuba nakan durƙusa gaban murhu ina hura ɗanyen itace har idona ya yi ja, hayaƙi ya fi wutar yawa. In ta kama sai in dama kunun dusa, tsululu, wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Maza su sha su fita noman doya. Gayya ba ta tsaya ba, don ciyawa ba ta san yunwa ba, sai dai gayya ce ba tuwo ba kiɗa. Kowa ya zo da fartanyarsa ya koma da cikinsa yadda ya zo da shi. Mu mata mu bi bakin gona muna tsinkar tafasa da rama da ganyen wake. Da yamma a dafa ganyen, a watsa masa tsaki cikin tafin hannu. Gishiri ya ƙare, da ruwan toka muke yi.

A cikin haka nonona ya fara janyewa. Ladi takan kama, ta ja, ta saki, ta tsala kuka. Daga baya ta rage kukan, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro. Maɗigarta ta faɗa. Yayata Rifkatu tana aure a Arikya, ita ma tana shayarwa, kuma su a can suna da rogo a ƙasa. Ayuba ya ce a kai mata yarinyar. Ni na san abin da hakan ke nufi. Mijin Rifkatu ya riga ya aiko cewa jaririya ba ta cin tuwo, don haka ba laifi, amma babban baki irin nawa ba za su iya ƙarawa ba. Kuma a wajenmu yaron da ya kama nonon wata, a hannunta yake zama har yaye. Da yawa ba sa dawowa.

Iya Asabe ta ce, "A dakata. Surina bai yi magana ba tukuna."

A ƙauyenmu, surin da ke fid da naman kaza yana da mai shi, kuma mace ce. Ita ma daga surukarta ta gada, ita kuma za ta nuna wa matar ɗanta. Ba a gaya wa namiji inda yake, ba a nuna shi da yatsa. Sau ɗaya yake fitowa a shekara, a tsakiyar sanyin marka, kuma ba ya jira. Yau ya tsago, gobe ya buɗe, jibi ko gata na tsutsa ne. Ana zare shi a hankali da doguwar saiwarsa, a bar 'yan kaɗan wa gara, masu gidan. Na Iya ya fi na kowa. Akan yi miya da wani, a ƙyafe sauran a bisa murhu, a kai tashar jirgin ƙasa a Lafiya, inda ma'aikata mutanen kudu ke rububinsa. Su ba da garin rogo da manja da busasshen kifi. Lissafin Iya shi ne wannan zai riƙe ni har sabuwar doya, nono ya dawo, Ladi ta zauna a gida.

Ran Litinin da yamma ta shigo a jiƙe sharkaf, ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Maman Ladi, ya tsago. Kawuna kamar ƙwan zabo. Gobe da asuba, ki ɗauko babban kwando."

Da gari ya fara wayewa muka isa. Muka tarar an kafa turaku an ɗaura igiya, ɗan doka yana tsaye yana rawar ɗari, Malam Bitrus yana gefe da rigar ruwa da takalmin roba.

"Iya, ina kwana? Kada ki tsallaka igiyar nan."

Ta dubi igiyar, ta dube shi. "Wa ya nuna maka hanyar nan?"

"Haba Iya. Ba a bayanki na san ta ba?"

"A bayana ka san ta. Ashe ɓarawo na goya."

"Hoto kawai Bature zai ɗauka. Yanzu-yanzu zai gama. In ya gama ku kwashe har da ƙasar."

Abin da ya faru shi ne, Baturen da Bitrus ke aiki a ƙarƙashinsa yana da sha'awar ɗaukar hoton ƙananan abubuwa, ƙwari da furanni da makamantansu. Ana kuma shirin zaɓen malamin gona ɗaya da za a tura kwas. Sai Bitrus ya yi masa alkawarin naman kazan da bai taɓa ganin irinsa ba. Duk zagayen gonakin da ya riƙa zuwa yi a keke cikin makon nan, surin uwarsa yake leƙawa.

Baturen ya iso, Bitrus ya ruga ya karɓi akwatinsa. Dogo ne, mai fara'a, ya gaishe mu da 'yar Hausarsa. Ya shimfiɗa tamfol, ya kafa kyamara a kan gajerun ƙafafu uku, kusan a ƙasa. Wuyan kyamarar na fata ne mai naɗi, kamar zugazugin maƙeri. Ya riƙa jan wuyan yana tsawo har gilashin ya kusa taɓa wani naman kaza guda. Ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Ya fito ya goge gilashin, don sanyi da laima sun sa ya yi raɓa. Ya koma, ya sake fitowa ya goge. Ya jingina farin kwali a gefe don ya maido da haske, amma babu hasken da za a maido. Ya dubi wani ɗan abu mai allura a hannunsa, ya dubi sama, ya girgiza kai. In ya ce zai ɗauka, sai ɗigon ruwa ya faɗo daga ganye ya girgiza naman kazan. Muna tsaye da kwanduna har rana ta yi tsaka a bayan gajimare. Sai ya ce da Bitrus sai gobe, wataƙila rana ta fito.

Iya ta matso har jikin igiya. Ba ta durƙusa ba. Ta ce da Bitrus, "Gaya masa ya zaɓi goma, ya zaɓi ashirin, mu bar masa. Gaya masa akwai jaririya."

Baturen ya tambayi me tsohuwa ke cewa. Bitrus ya amsa masa da Turanci cewa tana yi masa barka da zuwa ne.

Na yi 'yar makarantar mishan kafin aure, na ji abin da ya faɗa sarai. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su, na nuna ƙasa na ce abinci ne. Bitrus ya juyo kamar an taka masa wutsiya.

"Ke Saratu! Ina tsaye kina yi wa Bature magana? Matar ƙanena?"

Baturen kuwa daɗi ya ji da ya sami mai jin yarensa. Ya ce e, ya ji labari abinci ne mai daɗi ƙwarai. Ya yafito ni da hannu in zo in leƙa. Bitrus ba shi da yadda zai yi, ya ɗaga mini igiya.

Na kwanta a gefe ɗaya saboda goyo, na sa kaina cikin baƙin ƙyallen. Abin da na gani a kan gilashin a kife yake. Ƙarƙashin hular naman kazan ne, layi-layi, kamar an ninke farin ƙyalle da hannun da ba ya kuskure. A bakinsa ɗigon ruwa guda, a cikin ɗigon kuwa ga itacen kurmi gaba ɗaya da rassansa. Tun ina yarinya nake cin wannan abu, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ga wani abu kuma. Duk abin da gilashin ke ɗauka bai kai faɗin tafin hannuna ba. Guda ɗaya ne, shi ma ba duka ba.

Na tashi na ce, "Yaya, ɗaya kawai yake gani! Guda ɗaya tak. Sauran duk ba sa shiga."

"Ke kika san aikin Turawa?" in ji Bitrus. "In gobe ya ce wancan yake so, kin riga kin cinye fa? In ce masa me? Ku tafi gida. Igiyar gwamnati ce, wanda ya taɓa ya san sauran."

Baturen bai ce a kewaye wurin ba, wannan na tabbatar daga baya. Bitrus ne ya ƙirƙiro igiyar da ɗan dokan don a ga ƙwazonsa. Amma Baturen yana da ido, da shi yake aiki. Mutumin da ya hango itace a cikin ɗigon ruwa bai tambayi abin da ya tsayar da mata biyu cikin yayyafi da kwanduna wayam ba.

Washegari ruwan ya ƙaru. Naman kazan ya buɗe, kowane kamar faifai, ƙamshinsa ya cika kurmin. Yawuna ya tsinke. Baturen ya zo, ya zauna a ƙarƙashin lema, ya sha shayi daga gorarsa, ya dubi sama, ya tafi, Bitrus yana biye da akwati. Aka bar mu da ɗan doka.

Iya ta ce, "Kai ɗan nan, uwa ce ta haife ka ko hular nan?"

"Iya, ki yi mini rai. Ni ma tun jiya hanjina ke zagina."

"To juya baya ka yi fitsari. Kwando ɗaya kawai. Rabi naka."

Ya haɗiye yawu. Ya ce, "Malam ya ce ya san wurin kowane. In ya ga gurbi, hulata ta tafi, kuma bulala a gaban ofis. Ina da 'ya'ya, Iya."

"An aiko ƙato da kulki ya yi gadin laimar kwaɗi," in ji Iya. "In ka koma gida ka gaya wa matarka yaƙin da ka ci."

Ya sunkuyar da kai, amma bai matsa ba.

Da yamma na tsare Ayuba a ƙofar ɗaki. Na ce ko ya je ya tsinke igiyar nan, ko ya ba ni adda in je da kaina. Ya ce in aka ɗaure shi wa zai nome doyar? Ya ce wansa ne, ba a ja da wa a gaban baƙo. Na kwance Ladi na miƙa masa na ce ya ji nauyinta. Ya karɓa, ya maido mini ita, ya fita. Ya tari Bitrus a bakin hanya inda mota ke tsayawa. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "Wai mu yi haƙuri kwana ɗaya. Wai in ya je kwas ya dawo, gidan nan ya rabu da yunwa har abada."

Iya tana daga cikin ɗakinta ta ce, "Ya kawo kwas ɗin mu dafa."

Ran Alhamis da hantsi rana ta fito. Kurmin ya ɗauki tururi. Naman kazan ya riga ya zube, ya yi launin ƙasa, yana yauƙi, ƙudaje sun rufe shi. In ka ɗaga ɗaya sai hular ta rabu a hannunka, tsutsa na motsi a ciki. Warin kamar na rubabben kifi. Baturen ya zagaya, ya sami wasu 'yan ƙanana da suka makara wajen fitowa, can a gefe, kusan a wajen igiyar. Ya kwanta, ya ja wuyan kyamararsa, ya ɗauka. Ya ɗauki wata tsutsa ma, yana murmushi. Aikin duka bai kai tsawon dahuwar kunu ba. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya gode wa Iya, ya miƙa mata gwangwanin biskit. Bitrus ya naɗe igiyarsa.

Ya ce, "To Iya, ga shi nan. Ku kwashe."

Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa a cikin ruɓar tana tonawa da yatsa, tana ware abin da bai gama lalacewa ba. Ni ma na durƙusa. Abin da muka samu bai rufe gindin ƙaramin kwando ba. Muka wanke, muka dafa, na ci, na amayar. Biskit ɗin Iya ta tura mini gabana. Na so in watsar, amma na ci, ina ci ina kuka don haushi. Na tauna wani na sa wa Ladi a baki, ta turo shi da harshe.

Ran Asabar muka kama hanyar Arikya a ƙafa, ni da Ayuba. Rafuka sun cika, wani wurin ruwa har ƙugu, Ayuba ya ɗaga yarinyar sama da kansa. Rifkatu tana ganinmu ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ajiye nata ɗan, ta karɓi Ladi ta sa a nono. Yarinyar ta kama. Ina zaune ina jin ƙarar haɗiyarta. Na kwana ɗaya, da safe na ɗaura zanen goyon a ƙuguna muka juyo.

Sabuwar doya ta shigo bayan kamar mako biyu. Na ci na ƙoshi, amma nonon ya riga ya ƙafe. An tura Malam Bitrus kwas, ya dawo da ƙarin girma, yakan aiko da buhun dawa kowace shekara. Iya Asabe takan sa a zuba a rumbu, amma har ta rasu ba ta ƙara kiran sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce mai igiya. Hoton kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu.

Da aka yaye Ladi na je ɗaukarta. Ta ƙanƙame zanen Rifkatu tana ihu har ta shiɗe, manya suka ce a bar ta ta ƙara wayo. A Arikya ta girma, daga can aka yi mata aure. Yanzu tana da jikoki. Rifkatu take kira Mama, ni kuwa Anti Saratu.